Tambayoyinku: Wai da gaske gobe na iya gyara jiya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, kuma na san dalili, wani ɗan bidiyo ne ke ta yawo a WhatsApp da murya irin ta masu tallan magani a mota, wai Turawa sun gano lokaci ƙarya ne, wai gobe na iya gyara jiya. Ni kaina sau huɗu aka turo min shi, ɗaya ma daga gwaggona wadda ban taɓa sanin ta damu da kimiyya ba. Na tsinto biyar daga cikin saƙonnin, na bar su yadda masu su suka rubuto.

Tambaya daga wani ɗalibi a Dundaye: "Malam barka da aiki. Ga gurup ɗinmu anka turo bidiyo wai akwai ƙwayoyi biyu da in an taɓa guda nan Sakkwato, gudar ta ji nan take ko da tana ga wata duniya, har ma wai abin da ka yi yanzu shina canza abin da yaw wuce. Munka yi ta gardama ga hostal har ƙarfe biyun dare. Mi ag gaskiyar wagga magana?"

Ɗan'uwa, rabin maganar gaskiya ce, kuma wallahi rabin nan ya fi ƙaryar da aka ɗora masa ban mamaki. Abin da ake nufi shi ne sarƙewar kwantum. Kwantum dai shi ne ilimin halayyar ƙananan abubuwa, irin zarra da ƙwayar haske. Ana haska leza, wato siririn haske mai ƙarfi, a wani irin kiristal sai ƙwayoyin haske biyu su fito tare kamar tagwaye, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, in ka auna yadda wannan ke kaɗawa, a tsaye ne ko a kwance, to sakamakon waccan ma zai zo daidai da shi komai nisan da ke tsakaninsu.

Za ka ce to meye abin mamaki, ai ko ni in na sayi takalmin fata a tsohuwar kasuwa na ƙunshe ƙafa ɗaya na aika Illela, ɗayar na aika Tambuwal, wanda ya kwance nasa a Illela ya ga ƙafar dama ya san nan take cewa ta hagu ce a Tambuwal, ba aljani ba waya. Madalla, ka zo daidai inda Einstein ya tsaya. A 1935 shi da abokan aikinsa Podolsky da Rosen suka rubuta cewa lallai akwai wani abu a ƙunshe cikin ƙwayoyin tun daga gida wanda lissafin kwantum bai faɗa ba, kamar dai takalmin nan. A shekarar ne kuma wani masanin kwantum mai suna Schrödinger ya raɗa wa abin sunan sarƙewa. Aka yi kusan shekara 30 maganar tana matsayin hirar shan shayi, sai a 1964 wani mutumin Ailan ta Arewa mai suna John Bell, da ke aiki a cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN can Janeba, ya nuna cewa ana iya raba gardamar da gwaji.

Bari in mayar maka da shi wasa. Ka ɗauki tagwaye, Hassan ka kai shi Wurno, Husaini ka kai shi Boɗinga, ba waya a hannun kowa. Kowanne za a miƙa masa goro, ko fari ko ja, ƙuri'a ce ke zaɓa, shi kuma ya ɗaga hannu, ko dama ko hagu. Ƙa'idar cin wasa: hannayensu su zo iri ɗaya, sai fa idan su duka biyun ja aka ba su, to nan dole su saɓa. Matsalar ita ce Hassan bai san launin goron da aka ba Husaini ba. Ka bar su su kwana suna ƙulla dabara kafin a raba su, iyakar abin da za su iya shi ne su ci uku cikin huɗu, misali su ce kullum dama za mu ɗaga, sai su faɗi duk sanda ja biyu suka haɗu. Zauna da biro ka gwada duk dabarar da ka ga dama, in an daɗe ana buga wasan ba za ka wuce kashi 75 cikin 100 ba. To amma in ka ba kowannensu ƙwaya ɗaya daga sarƙaƙƙun ƙwayoyin nan, launin goro ya faɗa masa ta wace kusurwa zai auna tasa, sakamakon awon kuma ya faɗa masa hannun da zai ɗaga, sai su riƙa cin kusan kashi 85. Wannan ƙarin goman shi ne duk rigimar. Takalmin da aka ƙunshe tun daga gida ba zai taɓa ba ka shi ba.

Kuma an gwada, ba sau ɗaya ba. Clauser da Freedman a Kalifoniya a 1972, Alain Aspect a Faransa a 1982 inda ya riƙa canza kusurwar awo alhali haske na kan hanya don kada a ce ƙwayoyin sun san tambayar tun kafin su taso, sai mutanen Delft na ƙasar Holan a 2015 da tazarar kilomita 1.3 suka toshe manyan ƙofofin da masu shakka ke bi. A 2017 tauraron ɗan'adam na ƙasar Sin mai suna Micius ya raba irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin tashoshi biyu masu nisan sama da kilomita 1,200, ya fi Sakkwato zuwa Legas. A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Inda mai bidiyo ya fara sakin hanya shi ne wurin "in an taɓa wannan sai waccan ta ji". Wa ya fara taɓawa? Tun 1905 Einstein ya nuna cewa in abubuwa biyu sun faru nesa da juna, kuma tazarar lokacin da ke tsakaninsu ba ta isa ko haske ya taso daga wannan ya kai wancan ba, to babu amsa ɗaya a kan wanne ya riga. Wanda ke tsaye zai ce na Hassan ne farko, wanda ke wucewa da gudu ta wata fuska zai ce na Husaini ne, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kada ka haɗa wannan da yadda mutanen Maiduguri ke riga mu shan ruwa da kusan rabin awa a watan azumi, wancan juyawar ƙasa ce kawai, kowa ya yarda su suka riga. Nan kuwa ita kanta rigayen ce ba ta tabbata ba. To in ba a san wanda ya riga ba, ta yaya za ka nuna ɗaya ka ce shi ne sanadi, ɗayan sakamako? Amma ka lura, duk inda abu ɗaya zai iya zama sanadin ɗayan, kamar sakin dutse daga gwafa da faɗuwar tsuntsu, kowa a duniya komai gudunsa zai ga sakin dutsen ne farko.

Saura batun canza abin da ya wuce. Ina jin gwajin da aka yi a Biyana ta Ostiriya a 2012 ne aka murɗe. Ƙwayoyi huɗu ne, tagwaye kashi biyu. Aka auna ɗaya daga kowane kashi aka rubuta sakamako aka ajiye, sai daga baya aka zaɓi ko a sarƙe biyun da suka rage ko a bar su. Da aka zo dubawa sai ga shi waɗanda aka riga aka auna sun nuna alamar sarƙewa daidai a lokutan da aka zaɓi sarƙe 'yan'uwansu daga baya. Da jin haka sai gashin jiki ya tashi. To amma ko harafi ɗaya bai canza ba a takardar da aka rubuta da farko. Abin da zaɓin baya ya yi shi ne ya ba ka hanyar ware layukan takardar kashi-kashi, kamar mai albasa ne ya zube buhu sannan wani ya zo da littafi ya ce wannan daga Goronyo take, wannan daga Aliero, sai da ka ware sannan ka ga kowane tsibi da kamanninsa. Akwai 'yan tsirarun masana da ke fassara kwantum da cewa tasiri na iya komawa baya, ra'ayi ne da ake tattaunawa cikin mutunci, amma su ma ba su ce za ka iya aika wa jiya saƙo ba.

Tambaya daga wani mai gyaran waya a babbar kasuwa: "Malam to in haka na, mi ah hana a yi muna waya da wanga abu, mu huta da matsalar netwok da sayen data?"

Maigida, da ana iyawa da tuni wani ya zama attajirin duniya. Abin da ya hana shi ne ba kai ke zaɓen sakamakon awonka ba. Hassan ya auna tasa ƙwayar, abin da zai fito masa kamar jefa ƙwandala ne, yau fuska gobe baya, ba tsari. Husaini ma in ya kalli takardarsa shi kaɗai abin da zai gani kenan, kuma ko Hassan ya yi awo, ko ya canza kusurwa, ko ma ya yi barcinsa bai auna komai ba, takardar Husaini ba za ta nuna wani bambanci ba. Daidaiton nan mai ban mamaki ba ya fitowa sai an ajiye takardun biyu gefe da gefe, kuma kafin a yi haka dole ɗaya ta je wurin ɗaya, ko ta waya ko a kan kabu-kabu, kuma babu cikinsu mai wuce gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ka ga eriyar kamfani na nan daram, data ma sai ka saya.

Inda abin ke da amfani shi ne sirri. Tunda takardun biyu sun dace da juna kuma ba wanda ya san abin da ke ciki kafin a auna, ana iya mayar da su makullin rufe saƙo, in wani ya yi laɓe a hanya kuma daidaiton zai ragu a gane shi. Artur Ekert ne ya kawo wannan dabarar a 1991.

Tambaya daga wata ɗaliba a Runjin Sambo: "Malam ga bidiyon an ce an yi wani gwaji da ba a san mi anka fara yi ba, wai abu biyu kowane ya riga ɗan'uwanai. Ina hankali ka ɗaukar wanga?"

'Yar'uwa, wannan kam akwai shi, kuma shi ne ɓangaren da ni ma ya fi sa ni sosa ƙeya. Kin san akwai ayyukan da tsarinsu ke da muhimmanci. A sa hula sannan a naɗa rawani, wannan hakimi ne. A naɗa rawani sannan a ɗora hula a sama, wannan sai yara su biyo shi. To a kwantum ƙwayar haske na iya kasancewa cikin hali biyu a haɗe matuƙar ba a duba ba, misali hanyar dama da hanyar hagu. Sai wasu masana, Giulio Chiribella da abokan aikinsa, suka ce wajen 2009: me zai faru in hanyar dama ta bi ta na'ura ta farko sannan ta biyu, hanyar hagu kuma ta bi ta biyun sannan ta farko? Sai ya zama shi kansa tsarin, wanne ne gaba wanne ne baya, ya shiga wannan hali na haɗuwa. An gina abin a ɗakin gwaji a Biyana a 2015, an sake a Ostireliya a 2018, kuma yana da ɗan amfani, akwai tambayar da za ki amsa da bi ɗaya ta kowace na'ura wadda a tsarin da aka saba sai an maimaita ɗaya daga ciki.

Sai dai ki riƙe abu biyu. Agogon bangon ɗakin gwajin bai tsaya ba bai koma baya ba, an kunna leza da farko an karanta sakamako daga ƙarshe. Sannan su kansu masanan suna jayayya a kan ko wannan rashin tsari ne na haƙiƙa ko kuwa kwaikwayonsa ne da madubai. Abin da ya sa suka nace shi ne suna hangen ranar da za a haɗa kwantum da ilimin nauyi na Einstein, wanda ya ce nauyi na rage gudun agogo. Wannan ba tatsuniya ba ce, agogunan taurarin GPS na riga namu na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, ba don ana gyarawa ba da taswirar wayarki ta kai ki wani gari. To in wani abu mai nauyi ya kasance a wuri biyu a haɗe, agogon da ke kusa da shi fa? Can ne tambayar take da haƙora, kuma gwaji bai kai can ba tukuna.

Tambaya daga wata malamar firamare a Arkilla: "Malam ni tambayata mai sauƙi ce. Wani yaro a ajina ya tambaye ni me ya sa muke tuna jiya amma ba ma tuna gobe, na ce masa haka Allah ya tsara, ya yi shiru amma na ga bai gamsu ba. Akwai abin da zan ƙara masa?"

Malama, amsarki ba ta da aibu, yaron dai yana son ya ga yadda tsarin ke aiki ne, kuma ki riƙe yaron nan da kyau don tambayarsa ta fi duk na sama nauyi. Abin da zai ba ki mamaki shi ne dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyi kusan duk ba su san gaba da baya ba. Ki ɗauki bidiyon ƙwallaye biyu sun yi karo sun rabu, ki juya shi baya, ba mai ganewa. Amma ki ɗauki bidiyon Bafulatana tana dama fura a bakin kasuwa, ta murƙushe curi da ludayi, ta zuba nono, ta juya ta juya har ya zama abu ɗaya, ki juya wannan baya a ga nono na komawa ƙwarya fura na dunƙulewa, ko ɗan aji ɗaya zai ce ƙarya ne. Alhali damammiyar furar nan ba komai ba ce illa ƙwayoyi masu karo da juna. To daga ina bambancin ya shigo?

Daga ƙidaya. Wani Bajamushe, Clausius, ya sa wa abin suna entirofi a 1865, wato ma'aunin cakuɗewa, ya ce a rufaffen wuri ba ya raguwa. Boltzmann na Ostiriya ya fassara shi a shekarun 1870: hanyoyin da abu zai kasance a cakuɗe sun fi hanyoyin da zai kasance a ware yawa, yawan da ba ya misaltuwa. Ki gwada musu a aji, ki zuba gero a ƙasan kwalba dawa a sama, ki ba yaron ya girgiza. Zai cakuɗe. Ki ce ya ci gaba da girgizawa har su ware, zai gaji ya ajiye. Ba wata doka da ta hana su warewa, damar ce ƙanƙanuwa. Ƙwandala 100 kacal in kin watsa, damar duk su faɗi ta fuska ɗaya da kika zaɓa ita ce ɗaya cikin adadin da ke da lamba 31, to ina ga ƙwayoyin da ke cikin ludayin nono ɗaya. A 1927 Arthur Eddington na Ingila ya kira wannan kibiyar lokaci. Mu kuma tuntuni muke cewa magana zarar bunu ce.

Tunawa ma irin wannan ce. Tuna abu sawu ne da abin ya bari, kamar sawun akuya a rairayin bakin gulbin Rima, ko tawada a allo, ko canji a ƙwaƙwalwa, kuma duk ajiye sawu sai an ƙona ƙarfi an fitar da zafi, wato an ƙara cakuɗewa. Shi ya sa sawu ke nuna ɓangaren da abubuwa suka fi zama a ware, shi muke kira jiya. Akuyar gobe ba ta taka rairayin ba tukuna. In yaron ya ce to me ya sa tun asali abubuwa suke a ware har suka samu damar cakuɗewa, ki ce masa ya kai inda manyan masana ke tsaye yanzu: lissafi ya nuna sararin samaniya ya faro kusan shekara biliyan 13.8 da suka wuce cikin hali mai ƙarancin entirofi ƙwarai, kuma tun daga nan ake ta gangarowa. Akwai wani ɗan bambanci tsakanin gaba da baya da aka fara ganin alamarsa a wasu ƙwayoyi masu suna kayon a 1964, amma ba shi ke hana fura warewa ba.

Ga kuma inda tambayarki ta haɗu da ta ɗalibin Dundaye. Sarƙewar nan da mai bidiyo ke cewa tana rusa lokaci, ni a ganina tana cikin masu ɗaure shi. Ƙwaya ba ta tsayawa da tagwaininta kaɗai, da ta taɓa iska ko ƙura ko haske sai ta sarƙe da su, su ma su sarƙe da na kusa da su, kan ki ƙifta ido sirrin da ke tsakanin biyu ya watsu cikin biliyoyi, kamar zancen da aka faɗa a gidan biki, wa zai bi gida-gida ya karɓo shi? Shi ya sa ba ma ganin halayyar kwantum a tukunya ko akuya, kuma shi ya sa masu ƙera wasu kwamfutocin kwantum ke sanyaya su har kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, su killace su daga komai. Ki kwatanta da watan Afrilu a garin nan da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi.

Tambaya daga wani dattijo a Mabera: "Ni ina da tagwaye, kuma tun suna ƙanana in guda ya yi zazzaɓi gudan ma sai ya kwanta. Ko shi na wanga kwantum da aka faɗi?"

Baba, Allah ya raya su ya yi musu albarka, amma ba shi ba ne. Jikin mutum da ɗuminsa da ruwansa shi ne wuri na ƙarshe da irin wannan sarƙewa za ta daɗe, balle ta kai daga wannan yaro zuwa wancan. Tagwayenka ɗaki ɗaya suke kwana, sauro ɗaya ke cizonsu, kwano ɗaya suke ci, ga jini ɗaya, wannan ya ishi zazzaɓi ya kama su tare. A sa musu gidan sauro, in jiki ya yi zafi a kai su asibiti a gwada jini. In kuma wani ya zo maka da sarƙar wuya ko kwalbar ruwa ya ce ta kwantum ce tana maganin ciwo, ka riƙe kuɗinka, ka saya wa yaran kilishi.